Jinkirin ɗaukar hoto a kyamarar dijital

Jinkirin ɗauka shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin danna maɓallin kyamara da ainihin shigar hoton. Masu Faransanci na kiransa « retard au déclenchement ». Ƙananan kyamarorin aljihu na farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna a kansa, wasu kan ɗauki rabin daƙiƙa ko fiye. A ido rabin daƙiƙa ba komai ba ne. Amma dokin da ke sukuwar kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a daƙiƙa guda, don haka wanda ya tsaya ɗaukar hawan dawaki a ƙofar fadar Lamiɗon Ngaoundéré da irin wannan kyamara zai iya tashi da hoton wutsiya da ƙura.

Galibin lokacin yana tafiya ne wajen saita gani, wato kyamara ta gano nisan abin da ake son ɗauka. Hanyoyi biyu ake bi. A ta farko, gilashin yana gaba yana baya har sai ya sami inda hoton ya fi fitowa tas. Hanyar tsofaffin kyamarorin aljihu ke nan, kuma cikin duhu takan yi ta lalube. A ta biyu, kyamara na kwatanta hasken da ya shigo ta ɓangarori biyu na gilashin, nan take ta san inda za ta matsa. Da can manyan kyamarori masu madubi ne suka mallaki wannan. Fujifilm ta sa shi a jikin sensar ƙaramar kyamara a 2010, Canon kuma ta fito da tsarin Dual Pixel a EOS 70D a 2013. Auna haske da jiran filasha ta cika su ma suna cin nasu rabon.

Maganin da ya fi araha shi ne danna maɓallin rabi. Kyamara za ta saita gani ta riƙe, idan lokacin ya yi sai a ƙarasa dannawa, kuma a yawancin kyamarori abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. A filin kokowa, a saita kan ’yan wasan tun suna riƙon juna, kada a jira kaye. A kashe gyaran jan ido, domin yana sakin walƙiya kafin ta ainihi, amarya ta riga ta kau da kai. Ɗaukar hotuna a jere ma na taimakawa, sai dai kati mai nauyin rubutu zai tsayar da kyamara bayan ’yan hotuna.

Wayoyi sun ɓullo wa matsalar ta bayan gida: suna ta ɗaukar hotuna a ɓoye tun kafin a danna, su ajiye wanda ya dace da dannawar. Da wannan alƙawari na rashin jinkiri aka tallata Galaxy Nexus a 2011, Olympus kuma ta kawo makamancinsa, Pro Capture, a 2016.

Mai sayen kyamara ta hannu, a ganina, ya rage damuwa da yawan megafiksel da ɗan kasuwa zai yi ta zuzutawa. Tsohuwar kyamara mai madubi ta fi ’yar aljihu mai ƙyalli kama motsi. Kafin a biya, a sa wani ya tako daga cikin shago inda haske ya yi ƙaranci, a danna sau biyar, a ƙirga nawa suka fito tas.