Ciwon Alkama da Burodin Ots

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu ɗan kasuwa a Kalgo, da wata malama daga Gwandu. Suna so su ji yadda aka gano ciwon alkama, kuma ko burodin ots ya dace da wanda likita ya hana wa fulawa.

To, a cikin alkama akwai wani danƙo da ake kira gulutin, shi ke riƙe kwaɓin burodi da finkaso. Wasu hanjinsu ba ya ɗaukarsa, sai zawo da kumburin ciki da rama. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. Da yunwa ta afka wa ƙasar daga 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya ɓace, sai yaran da ke fama da ciwon suka murmure. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. A 1950 ya gabatar da bincikensa.

Shi ots ba shi da danƙon alkama, amma yakan gauraya da ita a gona ko wurin niƙa, kuma galibin masu burodi sukan ƙara fulawa don ya tashi. Wasu ƙalilan ma ots zalla yana tayar musu da ciwon.

Gero da dawa da masara da shinkafar fadamunmu na Kebbi duk ba su da gulutin. Sai dai a guji injin da ya niƙa alkama, mai masa kuma a tambaye ta ko ta sa fulawa. Da fatan an gamsu.