Anton Günther na Oldenburg: sarkin da ya tare yaƙi da dawaki

Tarihin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ɗaiɗaita ƙasashen Jamus daga 1618 zuwa 1648, cike yake da sunayen mayaƙa irin su Tilly da Wallenstein da Gustav Adolf sarkin Suwidin. Ba kasafai ake ambaton Anton Günther na Oldenburg ba, domin bai ci gari da yaƙi ba. Abin da ya yi shi ne hana yaƙi cin ƙasarsa, kuma wannan aiki bai fi na mayaƙan sauƙi ba.

An haife shi cikin 1583, ya gaji mahaifinsa cikin 1603. Sarautarsa ita ce Jamusawa ke kira Graf, Faransawa kuma comte: sarki ne mai ƙasarsa da talakawansa, amma yana ƙarƙashin babban sarkin daular Jamus. Oldenburg ƴar ƙaramar ƙasa ce a arewa maso yamma, tsakanin kogin Weser da bakin teku, ƙasar fadama da kiwo wadda ruwan teku ke yi wa barazana kullum. Saboda haka aikinsa na farko shi ne ganuwar tare ruwa. Cikin 1615 aka kammala madatsar Ellens, wadda ta haɗa yankin Jever da sauran ƙasar. Bayan wannan kuma sai dawaki: ya tara su da yawa, ya kyautata irinsu, har sunansu ya kai fadojin Turai.

Domin a gane girman haɗarin da ya fuskanta, sai a tuna yadda rundunonin wancan zamani suke rayuwa. Yawancin sojojin na haya ne, albashi kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Duk inda suka sauka, manomi ne zai ciyar da su da dabbobinsu, ko da sun zo da sunan abota. Idan suka tashi, sai su bar yunwa da annoba. Oldenburg ƙasar Furotesta ce, babban sarki kuwa ɗan Katolika ne. Idan Anton Günther ya bi ƴan'uwansa na addini, ya saɓa wa shugabansa. Idan ya bi shugabansa, ya jawo fushin maƙwabta. Sai ya ƙi shiga kowane ɓangare.

Gwajin farko ya zo cikin 1623. Tilly, jagoran rundunar Katolika, yana bin sawun Mansfeld wanda ya mamaye Firisiya ta Gabas, sai ya kafa sansani da dubban sojoji a Wardenburg, kusa da birnin Oldenburg. Anton Günther ba shi da ƙarfin korarsa. Ya tare shi da lallami da kyautar zaɓaɓɓun dawaki, har Tilly ya tashi ba tare da ya taɓa birnin ba. Wannan Tilly ɗin ne sojojinsa suka auka wa Magdeburg cikin 1631, inda mutum wajen 20,000 suka halaka.

Daga nan dabarar ta zama hanya. Jakadunsa ba su daina zirga-zirga ba, suna neman takardun kariya daga kowane mai ƙarfi, dawaki na tafe a bayansu. A zamanin da doki shi ne ƙafar yaƙi kuma adon sarauta, babu janar ɗin da zai raina irin wannan kyauta. Duk da haka ƙasar ba ta tsira sarai ba: daga 1627 zuwa 1631 sojojin babban sarki sun zauna a wasu sassanta, talakawa kuma sun ɗauki nauyinsu. Amma ba ta zama kango ba kamar yankuna da yawa na Jamus.

Ba za a ce tausayi kaɗai ne ya motsa shi ba, mutum ne mai lissafi. Cikin 1623 ɗin nan ya samu izinin babban sarki na karɓar kuɗin fito daga jiragen da ke bin Weser, a Elsfleth. Attajiran Bremen sun yi shekaru suna ja da shi, amma yarjejeniyar Westfaliya ta 1648 ta tabbatar masa da wannan haƙƙi, kuma an ci gaba da karɓar kuɗin har 1820. Cikin 1647 ya gaji yankin Delmenhorst. Ya fito daga yaƙin da ƙasa mafi faɗi da taska mafi nauyi.

Abin da ya gagare shi yana cikin gidansa. Cikin 1633 Elisabeth von Ungnad, ƴar wani gidan sarauta na Ostiriya da ya yi gudun hijira saboda addini, ta haifa masa ɗa namiji, Anton, ba tare da aure ba. Cikin 1635, ya riga ya haura hamsin, ya auri Sophie Katharina ta gidan Schleswig-Holstein-Sonderburg, wadda ba ta kai ashirin ba. Ba su samu haihuwa ba. Dokar daula kuwa ba ta yarda ɗan da aka haifa ba da aure ba ya gaji irin wannan sarauta. Magadan da doka ta sani su ne danginsa na nesa, sarkin Danmak da basaraken Holstein-Gottorp, domin gidan sarautar Danmak daga Oldenburg ya fito tun 1448.

Sauran shekarunsa ya ƙare su wajen shirya rabon abin da ya tsare. Ya nema wa ɗansa sarautar Aldenburg, ya bar masa Varel da Kniphausen. Jever ta tafi ga ɗan ƴar'uwarsa Magdalene na gidan Anhalt-Zerbst, gidan da daga baya ya haifi Katarina ta Biyu, sarauniyar Rasha. Ya rasu a Rastede cikin 1667, bayan shekara 64 bisa karaga. Ɗan nasa ya riƙe Oldenburg har mutuwarsa cikin 1680, amma a matsayin wakili, ba mai ƙasa ba. Annoba ta shiga birnin bayan rasuwar uban, gobara ta cinye yawancinsa cikin 1676, ƙasar kuma ta zauna hannun Danmak har 1773.

Wani zai ce duk wahalarsa ta tashi a banza, tun da ƙasar ta rarrabu kuma gidansa bai ɗore ba. Wannan hukunci na mai ƙirga karagu ne. Mai ƙirga rayuka zai duba manoman da suka yi shuka suka yi girbi cikin shekarun da ake binne gari guda a wasu wurare. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Anton Günther bai iya bar wa ɗansa gadon sarauta ba, amma ya bar wa talakawansa abin da karin maganar ya fifita, shi ya sa har yau mutanen Oldenburg ke tuna shi bisa dokinsa Kranich mai doguwar geza.