Rage Diyyar Rauni: Daga Kotunan Ingila Zuwa Kotunan Jos

A Amurka, idan ’yan juri, wato jama’ar gari da ake zaɓowa su yanke hukunci, suka yanka diyyar da ta wuce kima, alƙali na da ikon rage ta. Misalin da ya shahara shi ne na Stella Liebeck, wadda kofin McDonald’s ya ƙona. A 1994 juri suka yanka mata dala miliyan 2.7 na horo, alƙali ya mayar da su dala 480,000. Ingila kuwa, tun daga shari’ar Ward da James ta 1965, kusan ta cire hannun juri daga ƙarar rauni gaba ɗaya.

A Jos al’amarin ya sha bamban, domin babu juri a shari’ar diyya. Alƙalin Babbar Kotu shi ke yanka kuɗin, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a garin kuma ita ke iya rage shi. Ma’aunin da take bi gadon Ingila ne, daga shari’ar Flint da Lovell ta 1935: ba a taɓa adadin sai in alƙali ya kauce wa ƙa’idar doka, ko kuɗin ya yi yawa ko kaɗan har hankali ya ƙi ɗauka. Wannan ma’auni kuwa roba ne, kowane alƙali da iyakar jansa.

Abin lura shi ne Hausawan da kuza ta kawo Jos sun zo da wata fahimta dabam. A fiƙihun Malikiyya diyya ƙayyadaddiya ce: rai raƙuma 100 ko dinari 1,000, ido ɗaya rabin haka, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Ba a bar wa alƙali kintace ba sai a raunin da ba a yanka masa adadi ba. Saboda haka kalmar diyya, da aka ara wa kotun Bature, ta ɗauki nauyin da ba nata ba: mai ƙara yana jin haƙƙi tsayayye, lauya yana nufin kimantawa.

Leburan kuza kuwa, har da waɗanda aka kawo aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, rage musu aka yi tun kafin su ga kotu. Dokar diyyar ma’aikata ta 1941 ta ɗaure kuɗin rauni da albashi, albashin lebura kuma bai taka kara ya karya ba. Dokar 1987 ta bi wannan sawu, kafin ta 2010 ta maye gurbinta da asusun da masu ɗaukar ma’aikata ke zuba kuɗi a ciki.