Ciwon Haƙori a Hanyar Gwanja: Daga Askar Wanzami Zuwa Asibiti

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, ya bi ta Yawuri da Zugu da Sansanne Mango, ya sauka Yandi, ya ratsa Bimbila ta ƙasar Nanumba, sannan ya isa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Tafiya ce ta watanni. Falken da haƙori ya kumbura masa a hanya ba shi da wani likita sai wanzamin zango.

Mutanen wancan zamani sun ɗauka tsutsa ce take cin haƙori har ta yi masa kogo. Ba Hausawa kaɗai ba ne suka yi wannan zato. An same shi a rubuce a allunan laka na Babila, kuma ya daɗe a Turai har likitan Faransa Pierre Fauchard ya soke shi a littafinsa na 1728. A 1890 ne W. D. Miller ya bayyana cewa ƙwayoyin cuta na baki ne suke mai da ragowar abinci, musamman mai zaƙi, ya zama tsami, tsamin kuma ya ci haƙori. Idan kogon ya kai ga jijiyar da ke ciki, sai ta mutu ta ruɓe, mugunya ta taru a gindin saiwa. Daga nan sai zogi, da kumburin kunci, da zazzaɓi. Goro kuwa, wanda akan ɗora wa laifi, rina haƙora yake yi. Sukari ya fi shi ɓarna nesa ba kusa ba.

Maganin farko shi ne a cusa kanumfari a kogon, ko a tauna saiwar fasa-ƙwari, ko a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Waɗannan suna kashe zafi, amma ba sa taɓa mugunyar. In abin ya ƙi, sai wanzami ya tsaga dasashi da aska, ko ya cire haƙorin. A nan wanzami ya yi daidai, domin ƙa'idar likitoci har yau ita ce dole mugunya ta fita. Inda ya gaza shi ne askar da ba a dafa ba, da guntun saiwar da kan karye ya saura a ciki. Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne: cutar kan gangara ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe numfashi, kamar yadda likitan Jamus Ludwig ya siffanta a 1836.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sa'annan sojojin Jamus suka auka wa Bimbila da Yandi a 1896. Fatake suka bazu zuwa Karachi da Yeji da sauran zanguna, wanzamai suka bi su da zabirarsu. Babban canji bai zo ba sai da maganin penisilin ya yaɗu a shekarun 1940. A 2003 Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, aka sa cire haƙori da tsaga kumburi cikin abin da take biya. Sai dai wani kuskure ya maye gurbin tsutsa: mai ciwo ya sayi kafso a kemis, kumburi ya saɓe, ya ce ya warke. Muddin ruɓaɓɓiyar jijiyar tana nan, ciwon zai dawo, sai an wanke cikin saiwar an cike ta, ko an cire haƙorin.