Ruwan Kofi da Ruwan Tukunya: Sake Duba Shawarar Danne Yunwa ga Mai Rage Ƙiba

Tsakure

Maƙalar nan ta auna shawarwari biyu da ake yawan bai wa mai rage kalori: cewa yunwa za ta wuce idan jiki ya saba, da cewa shan ruwa yana kashe ta. Ta farko ba ta da madogara. Ta biyu tana da gaskiya, amma ba ta fuskar da ake faɗinta ba.

Gabatarwa

"Ka daure mako biyu, cikinka zai saba." Haka masu koyar da rage teɓa ke cewa, kuma wanda ya kasa sai a ɗora masa laifin kwaɗayi. Tun a 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya gwada wannan a Jami'ar Minesota ta Amurka, inda maza 36 suka yi mako 24 suna cin kusan rabin abin da suka saba. Sun zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma cikin bai saba ba: hirarsu abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Za a iya cewa wannan horo ne da yunwa, ba rage ƙiba ba. To, Sumithran da abokan aikinta a Melbon ta Ostireliya sun bibiyi masu ƙiba 50 da suka yi mako 10 a kan abinci mai ƙarancin kalori, suka wallafa a 2011 cewa bayan shekara guda sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake da farko, leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa yawan kitsen jiki kuma yana ƙasa. Wanda ya ce yana jin yunwa bayan wata shida ba raki yake yi ba.

Dabarar Bincike

An sake karanta gwaje-gwajen da aka wallafa, an fifita waɗanda suka auna ƙoshi bayan cin abinci mai kalori daidai wa daida.

Sakamako

Gwajin da ya fi warware zancen shi ne na Barbara Rolls a Jami'ar Jihar Fensilbeniya, 1999. An bai wa mata 24 dafa-dukar shinkafa da kaza kafin abincin rana, ta hanya uku: ita kaɗai, ita da kofin ruwa mai giram 356 a gefe, sai kuma aka zuba wannan ruwan a cikinta ta koma kamar fate. Kalori ɗaya ne, kuma a hanya ta biyu da ta uku ruwan ma ɗaya ne. Kofin ruwan bai rage komai ba daga abin da suka ci daga baya. Faten kuwa ya rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Tsurar ruwa ba ya daɗewa a tumbi, nan da nan ya zarce hanji. Wanda ya haɗe da abinci yana jinkiri, ya buɗa tumbin, ido ma ya ga kwano cike. Aikin Susanna Holt a Sidini, 1995, ya zo daidai da haka: cikin abinci iri 38 masu kalori 240 kowanne, an ba farin burodi maki 100, dafaffen dankalin Turawa ya samu 323, burodin kurwasan mai man shanu 47 kacal. Ruwa da harza da furotin suna tafiya da ƙoshi, maiƙo kuwa akasin haka.

A ganin mai wannan nazari, madafin Bahaushe ya riga ɗakin gwaji sanin dabarar. Faten tsaki da ya sha rama da yakuwa, ko kwaɗon zogale, sun fi biskit da shayi riƙe ciki, muddin ba a malala musu mai ba (a nan ne galibi ake ɓata rawa da tsalle). Rage malmalar tuwo tare da ƙara miyar ganye ya fi rage duka biyun a cike gurbin da ruwan randa.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa matan da Rolls ta gwada ba masu ƙiba ba ne, Holt kuma awa biyu kawai ta auna, kuma babu tuwo ko faten Bahaushe a cikin waɗannan gwaje-gwaje. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai juna biyu, ba su shiga wannan bayani ba sai da izinin likita.