Kasuwar da Ke Bayan Ganuwa: Tarihin Ciniki a Bakin Ruwan Yauri

Duk wanda ya taso daga Kontagora ya bi babbar hanyar nan da ta nufi Koko da Jega, tun kafin idonsa ya kai ga ruwan tafkin Kainji hancinsa zai shaida masa ya iso Yelwa, domin ƙanshin banda da na albasa su ne ke fita taryen baƙo kafin kowa. A nan ne na sha jin samarinmu da suka je Kano suna ba da labarin katafaren ginin nan na titin gidan namun daji, wanda aka buɗe a 2014 aka sa masa sunan Sarki Ado Bayero, inda kantuna da yawa suke ƙarƙashin rufi guda, kowane kaya da farashinsa a rubuce, babu tayi babu albarka. Suna faɗinsa kamar wani al'amari ne da bai taɓa gilmawa ta ƙasarmu ba, alhali kuwa wanda ya yi nazarin tarihin Yauri zai ga cewa tara haja a wajen gari, a inda hanya ta ratsa, don mai saye ya sadu da mai kaya ba da shamaki mai yawa ba, shi ne asalin arzikin wannan masarauta.

A Amurka, inda irin waɗannan gine-gine suka bunƙasa, wani reshe nasu ya samo asali ne daga ɗan shagon da masaƙa ko ma'aikatar takalma kan buɗe a jikin bangonta, tana sayar wa ma'aikatanta rarar kaya da waɗanda suka sami ɗan aibi a farashi mai rahusa. Da tafiya ta yi tafiya, cikin shekarun 1970, sai aka fara tara irin waɗannan shaguna wuri guda, kamar yadda aka yi a garin Reading na jihar Fensilfaniya, daga bisani kuma aka riƙa gina su nesa da tsakiyar birni, inda fili ke da araha kuma mota ke iya isa. Sirrin abin duka hanya ce. Mu ma a nan hanya ce ta yi mana kasuwa, sai dai tamu ta jaki ce da kwalekwale.

Tsohuwar hedikwatar sarautar, wato Birnin Yauri da ke ƙasar Ngaski ta yau, ba a bakin kogi take ba, amma tana kan turbar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda kan taso daga Kano da Katsina da kanwa da tufafin rini da jan fata, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu har su dangana da Salaga. Ayari irin wannan, mai ɗaruruwan mutane da jakuna da takarkarai, ba ya shiga cikin ganuwa ya kwana. Madugu kan sauke jama'arsa a zango a bayan gari, kuma da zarar an kwance mangaloli, zangon ya zama kasuwa, matan ƙauyuka su kawo fura da tuwo da dawa, Kambari da Dukkawa su kawo abin da gona da daji suka ba su, Gungawa da Shangawa kuwa, ma'abota tsibirai da jirage, su karɓi kuɗin fito. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda ɗan Ngaski ne, ya yi wa wannan tarihi hidima mai yawa, kuma a wurinsa ne da yawa daga cikinmu suka fara fahimtar cewa ƙarfin sarakunan Yauri ya rataya ne a kan tsaron mafita da amincin hanya fiye da yawan dawakin yaƙi. Bayan jihadi, da Yauri ta shiga amana da Gwandu, ayari bai yanke ba.

A shekarar 1830 wasu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka sauka a Birnin Yauri suna neman takardun wani Bature da ya riga su zuwa, Mungo Park, wanda ya halaka a duwatsun ruwa na Busa a 1806. Sun yi makonni a garin, kuma da yake guzurinsu ya yi ƙasa, sai suka koma sayar da allurai don su sami kuɗin da za su sayi abinci. Sun rubuta da kansu cewa a cikin allurorin da suka zo da su daga Ingila akwai waɗanda ba su da kafa, har wanda ya saya ya dawo musu da su. Wannan ƙaramin labari yana daɗe mini a rai, domin ya nuna abu biyu a lokaci guda: cewa tun a wancan lokaci kayan masana'antar Turai da ke isowa kasuwarmu har da masu aibi a cikinsu, da kuma cewa mai saye a nan ya san haƙƙinsa, tunda fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da shi ya ba wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi a abin da ya saya damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa algus haramun ne ko da a mudun gero.

Rikicin cikin gida ya raunana tsohon birnin a tsakiyar wancan ƙarni, sarauta ta koma tsibiri na wani lokaci, har Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa gadonsa a Yelwa a 1888, a bakin ruwa sosai. Ba a jima ba kamfanin Royal Niger ya kafa masaukin cinikinsa a nan, kuma da shi ne wani sabon abu ya shigo, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna kanti. Kanti ya saɓa wa rumfa ta fuskoki da dama, domin ba ya jiran ranar kasuwa, ba ya tashi da faɗuwar rana ya koma gida a kan jaki, kuma mai shi ne ke sayen amfanin ƙasa ta ƙofa guda ya sayar da kayan ƙasarsa ta ɗaya ƙofar. Manomi ya kawo ƙwarar kaɗanya ko auduga ko ƙirgi, akawu ya ɗora a sikeli ya rubuta, kuɗin da aka ba shi kuma kafin ya bar harabar ya mayar da su a kan gishiri da akoko da atamfa, daga baya har da kananzir da fitila. Babu dillali a tsakani, babu la'ada, amma kuma babu wanda zai tsaya wa talaka idan sikeli ya yi ƙarya, kuma a ganina wannan ita ce babbar hasarar da aka yi, domin dillali na gari, duk da abin da ake faɗa a kansa, shaida ne da jama'a suka sani, mai tsoron zubewar mutuncinsa a gari.

Turbar Gwanja kuwa ta mutu a hankali. Salaga ta lalace da yaƙin basasa na 1892, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau dogo, zanguna suka zama gonaki.

Sai dai duk waɗannan sauye-sauye ba su kai wanda ya auku a zamanin Sarki Muhammadu Tukur ba, lokacin da aka fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968, ruwa ya taso ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shafe tsohuwar Busa da tsibirin Foge da wani sashe na tsohuwar Yelwa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga mazaunin kakanninsu. Ana yawan ba da labarin gidajen da hukuma ta gina musu, masu bangon siminti da lanƙwasasshen rufi, waɗanda mutane suka riƙa ƙara wa ɗakunan laka da rumbuna don su yi kama da gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa kasuwa ma an yi mata hijira. Bagunge da ya gaji lambun albasa a gefen tsibiri, yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana ba shuka, ya wayi gari a kan tudu, mafitar da ubansa ke kai kaya ta nutse, bishiyar da ake ɗaure jirgi a gindinta sai kanta ake hange a tsakiyar ruwa. Wajibi ne ya koyi sabuwar ƙasa, ya koyi lokacin da tafki ke ja da baya ya bar danshi, ya kuma nemi inda masu saye za su same shi.

Allah cikin hikimarsa ya sa ruwan da ya ci gonaki ya kawo kifi. A farkon shekarun 1970 kamu ya yi yawa ƙwarai, Sarkawa daga wajen Argungu da masunta daga nesa, har da na ƙasar Mali da na kudancin Nijeriya, suka kafa tungaye a gaɓa, kafin daga baya kamun ya ja baya saboda yawan taru da ƙanƙantar idonsa. Daga nan ne kasuwannin bakin tafki, irin su Wara a ƙasar Ngaski da Malale a ɗaya gaɓar, suka yi ƙarfi, Yelwa kuma ta zama inda jirgi ke miƙa wa mota kaya. Waɗannan su ne kantunanmu na bayan gari a haƙiƙa, domin mai sari daga Ibadan ko Anaca yakan baro kasuwar garinsu ya yi tafiyar kwana don ya sayi banda a hannun wanda ya ƙyafe ta, da albasa a hannun wanda ya haƙe ta. Katafaren ginin nan na Kano kuwa, babban kantin Shoprite da ya zama ginshiƙinsa ya rufe ƙofa a farkon 2024, bai cika shekara goma ba.

Ba zan ɓoye abin da ke ci mini rai ba. Kasuwar da hanyarta ruwa ce, ranta yana hannun jirgi, kuma a watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da jama'a, akasarinsu masu neman halaliyarsu, ya rabe a ruwa kusa da Wara, aka yi ta tsamo gawarwaki kwana da kwanaki, Allah Ya jiƙansu da rahama. Sarakunan da suka karɓi kuɗin fito a zamanin fatake sun ɗauki tsaron mafita a matsayin amana a wuyansu, kuma hukumar da ke karɓar haraji a bakin ruwa yau wannan amanar ce ta gada, tun daga ƙidaya fasinja har zuwa sare kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin tafki tun 1968.

Da asuba, bayan an sallame salla, jiragen farko sukan fara ɓullowa daga cikin hazo, injinsu na tari, an jera kwanduna har baki. 'Yan dako su shiga ruwa zuwa gwiwa, a sauke ƙarfasa da tarwaɗa da busasshen warangi, wani lokaci giwan ruwa guda da sai mutum biyu sun kama. Wata dattijuwa ta ɗaga kifi ta karya gefensa ta sansana, ta ce, "Malam, wannan bai sha wuta ba," mai kaya ya ce, "Haba Inna, ki taya dai," ta taya, ya ce albarka, ta ƙara, ya dubi ruwa ya dubi motar da ke jira a kan tudu, sannan ya ce ya sallama.