Hatimi da Ramzi: Saƙon da Aka Lulluɓe da Lamba

A yau masana kwamfuta kan cusa saƙo a cikin hoto ta hanyar sauya launin ɗigo-ɗigonsa kaɗan, yadda ido ba zai lura ba, sai manhaja mai ƙididdigar launuka ta gano an taɓa shi. Malaman zango sun daɗe da tasu dabarar, su kuwa lamba suka mayar mayafin harafi.

A watan Agusta na 1826 aka gwabza yaƙin Katamanso, kusa da Dodowa, arewa maso gabas da Ankara, inda rundunar Asante ta sha kaye. Ana kyautata zaton daga nan ne wani ƙunshin takardun Larabci ya faɗa hannun Turawan Denmak, yana kuma ajiye har yanzu a ɗakin karatun masarauta da ke Kofanhegan. Mafi yawansa laƙani ne da hatimai na malaman da suka zauna a Kumasi.

Wanda bai san hisabi ba, gidaje da lambobi kurum zai gani. Ɗauki hatimi mai gida tara: kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa 15. Kusurwoyinsa huɗu 2, 4, 6 da 8 ne, wato ba, dal, wau da ha ƙarami, kalmar da ake kira buduhu. Bakatsinen nan Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan tsara irin waɗannan gidaje. Mawaƙan ajami ma haka suke ɓoye shekarar da suka kammala waƙa a cikin kalma guda, ramzi ke nan.

Ga inda gizo ke saƙa. Lissafin haruffa iri biyu ne. A na Gabas, sin 60 ce, Bisimilla ta ba da 786 da kowa ya sani. A na Magrib, wanda magabatanmu suka bi, sin 300 ce, jimlar ta koma 1026. Harafin dubu ma ya bambanta: can gain, nan shin.

Saboda haka matashin Nima ko Mamobi da ya ɗauki hoton takardar kakansa ya watsa a WhatsApp, aka warware masa ramzinta da lissafin Gabas, shekarar da za ta fito ba ita marubucin ya nufa ba. Kafin a kai wa manhaja, a fara kai wa dattijon da ya yi karatun zaure, tun ana samunsa.